Falalu Mai Ajiya da Hular Tsoho

Duk wanda ya taɓa dirowa daga bayan tirelar albasa a Head Bridge, can bakin gadar Anacha, ya san rumfar Falalu mai ajiya. Rumfa ce ta kwano da katako, a matse tsakanin mai shayi da wani Ibo mai facin taya. Falalu Bafulatani ne na ƙasar Kazaure da bai taɓa mallakar ko maraƙi ba. Ya zo garin yana saurayi da niyyar cin rani ɗaya. Yanzu gemu ya yi fari fat, ya aurar da 'ya a Inugu, amma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka shi fa ba zama ya zo yi ba.

In sana'a ake tambaya, igiya da tsofaffin buhuna yake sayarwa. Amma abin da aka san shi da shi ajiya ce. Ɗan dako zai tafi Fatakwal neman aiki, sai ya kawo jakarsa. Mai yankan farce zai je gida duba gona, ya kawo tabarma da rediyo. Har zakara mai rai an taɓa kawo masa, wai kwana biyu ne. Falalu ba ya karɓar lada, ba ya buɗe kayan kowa, ba ya tambayar me ke ciki. Mita kam yana yi, kullum wai an mayar da shi jakin Anacha, amma ka kuskura ka kai kayanka wurin wani ka ga yadda zai riƙa amsa gaisuwarka da hanci. Ba shi da gida a garin, ɗakin haya ne a unguwar Fegge. Abin da ya tara a duk shekarun nan magana ɗaya ce da ake faɗa wa baƙo: kai wa Falalu, ko allura ba za ta ɓata ba.

'Yarsa Hadiyya ce ta jawo masa. Ta zo daga Inugu ta tarar hawan jini ya taso masa, ga shi ya manna rediyo a kunne yana musu da mai karanta labarai. Ta karɓi wayarsa ta yi 'yan danne-danne ta miƙa masa.

"Baba, ga wani wasa na sa maka. Ba caca ba ce, ba kuma harbe-harbe. Just try am small, ka huta da rediyon nan."

"Ni, da furfurata?" in ji Falalu. "Ke dai zaman Kudu ya ɓata ki."

Ta koma gidanta. Ana nan wata rana ruwan Anacha ya kece, irin wanda ba ya jin lallashi, kasuwa ta tsaya cak. Falalu ya duba dama da hagu, ya ga ba mai kallonsa, ya ɗauko wayar ya sa yatsa ya taɓa wasan.

Wani ɗan mutum ne ya bayyana, gajere, mai hanci kamar ludayi, akuyarsa ta ɓata yana bin sawunta gari gari. Nan take Falalu ya raɗa masa suna Dogon Hanci. Babu Turanci a wasan balle ya gagare shi, mutanen ciki gunaguni kawai suke kamar kaji a akurki. Ko ina Dogon Hanci ya je sai ya tarar da wata matsala ta shirme. Wani kada ya tare gada saboda haƙori na masa ciwo. Ka nemo igiya, ka ɗaura a haƙorin, ka ɗaura ɗaya bakin a wutsiyar jaki, sannan ka nuna wa jakin karas. Da haƙorin ya yi tsalle ya faɗa cikin miyar wani mai gari, Falalu ya yi dariyar da ta sa mai facin taya ya leƙo yana tambaya, "Alhaji, hope say nothing?"

Abin da ya kama zuciyarsa shi ne gajartar abin. Tsakanin Azahar da La'asar ka shiga matsala ka fito. Ba a mutuwa. In ka yi kuskure Dogon Hanci zai sosa ƙeya kawai, ya kalle ka kamar yana cewa malam, sake dai tunani. Kuma maganin kowace matsala yana nan kusa da ita, a ƙarƙashin kujera ko a bayan tulu. Falalu ya ga matsaloli da yawa a zamansa na Kudu, na kasuwa da na gari da na rikicin da ke sa mutum kwana da takalmi a ƙafa, bai taɓa ganin wadda ta ƙare kafin La'asar ba. Ya so wasan nan, so na gaske, ya ma daina ɓoyewa.

Sai dai Dogon Hanci yana da wani hali da bai yi wa Falalu ba, wato hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya gani sai ya jefa a aljihu, kuma wasan ba ya gaba sai an jefa. Ga shi yana faɗawa gidajen mutane ba sallama, sai Falalu ne ke yi masa daga waje. Abin da ke yashe a ƙasa, Falalu ya ce tsintuwa ce. Abin da ke kan tebur, ya ce aro ne. Da haka suka lallaɓa har suka iso bakin wani kogi. Kwalekwale yana yoyo, ana bukatar abin kwashe ruwa, ga wani tsoho yana barci a gindin bishiya, hularsa sai ƙyalli take tana kiran yatsa. Nan fatawar Falalu ta ƙare. Cire wa dattijo hula yana barci, wannan ba aro ba ne a kowace mazhaba.

Ya gwada takalmi, ya gwada cokali, ya gwada ba tsohon ayaba ko zai farka a roƙe shi. Dogon Hanci sai sosa ƙeya yake. Kafin a jima rumfar ta zama gidan kallo, 'yan dako da masu okada kowa na ba da shawara ta bayan kafaɗarsa. Babban mai baki a cikinsu shi ne Kallamu mai albasa, Babarbare, wanda suka shekara da shekaru suna zagin juna da Falalu. Abin da ke tsakanin Fulani da Barebari ke nan, wasa ne na kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

"Ɗauki hular nan, bawana," in ji Kallamu. "Yaushe Bafulatani ya fara jin kunyar kayan mutane?"

"Da albasarka ce da na bar ta, don ko ɓarawo yana da hanci."

Aka yi ta haka har ranar da haƙurin Falalu ya ƙare. Ya ce astagfirullah, ya runtse ido ɗaya, ya taɓa hular. Tana barin kan tsohon sai ga wata 'yar kaza zaune a kan sanƙonsa, ta buɗe ido ta harari kowa. Rumfa ta kaure da ihu, har Falalu sai da ya share hawaye.

Daga ranar Kallamu ya sami sabon take. Kullum da safe tun daga bakin titi zai ɗaga murya, "Ɓarawon hula, an tashi lafiya?" Falalu ya mayar masa da wadda ta fi ta, a yi dariya. Tsofaffin kasuwa sun san wasa ne. Amma Head Bridge wuri ne da kowace safiya tirela ke zubar da sababbin mutane, samarin ƙauye da ba su san wane ne Babarbare ba, ba su san wane ne Bafulatani ba. Su abin da kunnensu ya jiye musu shi ne dattijo yana kiran mai ajiya ɓarawo a bainar jama'a, shi kuma yana washe baki.

Ana cikin haka Kallamu ya yi tafiya gida ya dawo, ya karɓi jakar da ya bari, ya zazzage ta a bakin rumfar. Hularsa zanna ta zuwa Juma'a ba ta ciki.

"Jama'a ku zo ku gani!" Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "An gama da ta tsohon waya, an dawo kan tawa!"

Falalu ya dubi jakar da aka zazzage. Fushi ba dama, al'ada ta hana. Rantsuwa kuma sai ta mayar da wasa shari'a. Ya yi yaƙe kawai.

Abin da ya biyo baya shi ya yi masa ciwo. Ba wanda ya zo ya ce masa ɓarawo. Sai dai wani mai wankin takalmi ya zo wai yana son ya ɗauki abu a jakarsa, ya tsuguna a gaban Falalu ya buɗe, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya rufe bai ɗauki komai ba. Wani ya kwashe nasa ya mayar ƙarƙashin teburin mai shayi. Har mutanen da suka san shi tun gemunsa na baƙi, sai da wasunsu suka leƙo duba kaya, suna cewa ai ba don komai ba. Falalu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, abinci ma ya daina shiga.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga mai wankin hula na unguwar ya ratso kasuwa da huluna jere a kan katako. Ya tsaya a gaban Kallamu ya ce, malam, in ba ka so a ba ni, tun kafin ka yi tafiya ka kawo hular nan wanki ka manta. Kasuwa ta ɗauki shewa. Kallamu ya kifa hular a kai ya nufo rumfa yana tafa hannu.

"Bawana, ashe ba kai ba ne! To na yafe maka."

Falalu ya yi dariya yadda al'ada ta ce a yi.

Washegari da sassafe masu zuwa kasuwa suka tarar da kaya jibge a gaban rumfar, jakunkuna da tabarmi da bokitai, kowanne a kaɗe tas. Falalu na zaune a benci da wayarsa, shi da Dogon Hanci suna ƙoƙarin fito da wani liman daga cikin rijiya. Kowa ya zo sai ya nuna masa kayansa da haɓa, bai ɗago ba. Aka ba shi haƙuri, aka haɗa shi da Allah da Annabi. Kallamu ya zo ya zauna kusa da shi, yau ba take ba kirari.

"Haba Falalu. Wasa ne fa, ka sani."

"Na sani. Kai wasa ka yi. Waɗanda suka buɗe jaka a gabana fa, su ma Barebari ne?"

Magana zarar bunu ce, Kallamu ma ya san ta riga ta fita.

Kafin La'asar an kwashe komai, sai wata jaka guda mai ruwan toka, zip ɗinta ya yi tsatsa, an ɗaure ta da igiyar roba. Aka yi cigiya, ba wanda ya amsa. Kallamu ya tambaya ta wane ne.

"Ta Munzali ce," in ji Falalu. "Wani ɗan dako. Ya ce zai je Fatakwal ya dawo bayan Sallah."

"Wace Sallar?"

"An yi Salloli."

Lambar wayar da Munzali ya bari ta daɗe da daina shiga, kuma duk wanda ya fito daga Fatakwal Falalu ya tambaya, ba wanda ya san inda ya yi. Kallamu ya sunkuya ya kama igiyar, ya ce bari a buɗe, wataƙila a ga abin da zai nuna garinsu. Falalu ya doke masa hannu, duka na gaske. Ya sa wayar a aljihu, ya rungumi jakar ya shige da ita cikin rumfar da ta zama fayau, ya ɗora ta a kan katako inda ruwa ba ya taɓawa.

"Wannan mai ita bai zo ya duba ba," ya ce.