Kafaɗar Ƙarfe ta Dokta Hamadu

Duk wanda ya san Dokta Hamadu a unguwar Briketeri ya san ba ya karɓar hannu in an miƙa masa. Kai kana miƙa hannu kana sallama, shi kuwa tuni ya cafke kafaɗarka, babban yatsansa yana lalube. "Ɗaga! Ƙara! Juya baya!" Sai ya gamsu sannan ya amsa maka sallamar. Liman bai tsira ba, mai unguwa bai tsira ba, ango ma ranar ɗaurin aurensa sai da ya ɗaga hannu cikin babbar riga. A aljihunsa akwai wata tsohuwar mitar tela, rabin lambobinta sun goge, da ita yake auna mu. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Turawa sun ƙera kafaɗar ƙarfe da awon jikinsu. Wa ya taɓa auna mutanen Briketeri?"

Wata rana muna cikin taksi ɗaya, wani mai kaki ya tare mu, ya zuro hannu ta taga yana jiran direba ya gane. Kafin direba ya motsa, Dokta ya damƙe kafaɗar mutumin ya matsa. Mutumin ya yi ƙara.

"Ka ji ko?" in ji Dokta. "Tun yaushe take maka ciwo?"

"Wata uku, Dokta."

"Yawan miƙa ta ne. Ka rage, za ta warke."

Wallahi mutumin nan har godiya ya yi, ya ɗaga mana hanya muka wuce.

Ni Garba mahauci, a teburin namana muka saba da shi. Wata safiya ya tsaya a kaina ina raba karfata, wato kafaɗar sa, ya ƙura ido yana kallo har na tsargu. Na ce, "Dokta, kilo nawa?"

Ya ce, "Sake yi."

"In sake me? Na riga na raba."

"Ɗauko ɗayar. Kuma dusma, dusma, a hankali, ina so in gani."

Na ɗauko. Mu a fawa tun kana yaro ake koya maka cewa tsakanin tsoka da tsoka akwai hanya, wani farin tantani. In ka same ta, da yatsa ma za ka buɗe nama har ƙashi, ba sai ka sassare shi ba. Da na nuna masa, mutumin nan da ya yi shekaru yana karatun tiyata a ƙasar waje ya buga tafi a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Abin da malaminmu ya yi wata guda yana zana mana a allo, ga shi Garba yana yi yana cin goro!" Daga ranar ya samu abin faɗa. Ko faɗa ake yi a majalisa sai ka ji ya ce, "Dusma, jama'a, nama yana da hanya."

Amma fa ko tsoka ɗaya bai saya ba. Ƙashi kawai yake kwasa. Lokacin kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, an zaftare wa ma'aikata albashi, kuɗin sefa ya faɗi, asibiti kuwa ko safar hannu sai marar lafiya ya sayo. Dokta ya daina shiga taksi, da ƙafa yake zuwa aiki ya dawo, da ledar ƙashi a hannu. A gida sai ya fasa ƙashin da gangan, ya ɗaure da waya da ƙusoshi yana gwaji. Matarsa, Adda Jummai, ta ce tunda dai ƙashi ya shigo gida ba za a yi asara ba, in ya gama sai ta wanke ta jefa a miya. Wata rana ya gayyace ni cin tuwo, na tauna wani abu da ya kusa fasa mini haƙori. Na tofo, sai ga ƙusa mai zare tana walƙiya.

Dokta ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! Kwana uku ina nemanta. Kowa ya ci a hankali, saura ɗaya!"

To ana cikin wannan hali ne wani bijimi ya tsinke igiya a mayanka ya haɗa ni da bango. Kafaɗata ta dama ta dagargaje. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga wannan hannun, kuma mahauci da ba ya iya ɗaga wuƙa ya zama mai korar ƙuda. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Na sa aka kai ni wurin mai ɗori a ɓoye, don na san halin Dokta. Mai ɗorin mutumin kirki ne, ya taɓa ya taɓa, ya ce, "Garba, wannan ba karaya ba ce, tsakuwa ce a cikin jaka. Tafi wurin abokinka."

Dokta ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga shi a rana a ƙofar gidana ya daɗe yana kallo. Ko zagina bai yi ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan. Ya ce kan ƙashin ya farfashe, ba ya ɗoruwa, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Na ce, "Dokta, a wannan kiriz ɗin? Ko na sayar da gidan nan ba zai sayo shi ba."

Ya juya ya tafi. Da la'asar sai ga shi da gwangwanin madara a hammata. Ya buɗe, ya fito da wani abu a liƙe cikin leda biyu: ƙarfe ne mai kai sumul da doguwar jela, kamar ƙaramin ludayi marar rami. Ya ce tsohon malaminsa ne ya aiko masa, ya daɗe a ajiye.

"Kafaɗa dai ga ta," in ji shi. "Kayan aikin saka ta ne babu. Su kam sai mun ƙera."

"Mu da wa?"

"Ni da Isiyaku."

Kun san Malam Isiyaku na Nkomkana, mai injin feƙe ƙarfe, wanda ke yi wa injin markaɗe da taksi kayan gyara. A kan takardar siminti, irin wadda muke naɗe tsire, Dokta ya zana masa abin da yake so: wani ƙarfe da zai kama ƙashi ya nuna tsayin da za a dasa kafaɗar da kuma inda za ta fuskanta. Ya ce nasa zai fi na Turawa, don nasu sai mutum biyu sun riƙe, shi kuwa ba shi da mutum biyu. Malam Isiyaku ya ƙera da ƙarfen da ba ya tsatsa, Dokta ya auna ya mayar. Ya sake, ya mayar. A karo na biyar Malam Isiyaku ya jefar da hularsa ƙasa.

"Haba Dokta! Bambancin nan ko gashi bai kai ba!"

"Gashin nan shi ne tsakanin Garba ya saɓi cinyar sa da Garba ya zauna yana ba matarsa shawara kan miya. Sake!"

Ya sake kuwa, yana ƙunƙuni da Fulatanci da Faransanci duka.

Kwana uku a jere Dokta ya zo teburina yana gwada ƙarfen nan a kan karfata, ni kuma ina zaune da hannu a ɗaure ina kallon yadda za a yi da ni. Ciwo bai hana ni magana ba. "Ba nan ba, Dokta! Ka bar hanya! Haka za ka yi mini?" Shi kuma ya ce in rufe baki, ba a taɓa jin nama yana ba mahauci umarni ba.

Ranar aikin, suna tura ni a gado, na riƙe rigarsa da hagu. Na ce, "Tsakaninka da Allah, ka taɓa yin irin wannan da ƙarfen Isiyaku?"

Ya ce, "A kan shanu, sau da yawa. Har yau babu wanda ya dawo da ƙorafi."

Da wannan dariyar barci ya ɗauke ni. Da na farka, fuskarsa na fara gani, duk ta jiƙe da gumi. Ya sunkuyo ya ce, "Garba, hanyarka muka bi. Ban yanka maka tsoka ba."

Kada ku ɗauka ya bar ni na huta. Ya rataya igiyar guga a saman ƙofata, kullum da safe kafin ya wuce asibiti sai ya tsaya a kaina ina jan hannun sama ina hawaye. Na zage shi, na ce ya fi bijimin mugunta. Ya ce ya ji, in ƙara goma. Wata shida muna wannan. Ranar da na ɗauki cinyar sa na rataye ta a ƙugiya da hannun dama, 'yan kasuwa suka yi kabbara, shi kuwa ya juya baya yana fyace hanci, wai hayaƙin masu tsire ne ya shiga masa ido.

Shekaru suka wuce, har ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ya bar wasiyya cewa in kasance cikin masu yi masa wanka. Mun wanke dama lafiya. Da muka zo hagu na kama hannun zan ɗaga, sai ya ƙi. Ni mahauci ne, na san taurin gawa, wannan ba shi ba ne. Na sa yatsa na laluba, na ji gaɓar ta cinye, ƙashi ya manne da ƙashi. Irin wannan ba ciwon shekara ɗaya ba ne, ba na biyar ba.

Da muka gama na tsaya a bakin ƙofar Adda Jummai, ta bayan labule na tambaye ta labarin kafaɗarsa.

Ta ce, "Malam Garba, ya hana ni faɗa. Kafaɗar ƙarfen da ke jikinka tasa ce. Malaminsa ya aiko masa ne don ya samu wanda zai saka masa, tun ciwon bai yi nisa ba. Ranar da ya ga hoton ƙashinka ya shigo ya ɗauki gwangwanin. Na ce, kai fa? Ya ce awonku ɗaya, kuma shi aikinsa a kan tebur yake, ba ya rataya cinyar sa. Shekarun nan duka ni nake sa masa riga."

Na fito na tarar an ɗauko makara. Matasa suka ce, Baba Garba ka bari, ka tsufa. Na ture su na sa kafaɗar dama, kuma ban yarda kowa ya karɓe ni ba har bakin kabari.

Allah ka ga abin da Hamadu ya ɓoye mana. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka ba Adda Jummai haƙuri. Ciwon da ya ɗauka domina, Ya Allah, ka sauke masa shi. Amin.