Hutun da Muryata ta Dishe

Ina koyar da kiɗa da waƙa a wata makarantar 'yan mata a Malumfashi. Wata shekara, ana gab da dogon hutu, muryata ta dishe. Na ɗauka gajiyar shirin bikin yaye ɗalibai ce. Aka yi biki aka watse, murya ba ta dawo ba. In na buɗe baki sai iska ta fito.

Likita ya haska maƙogwarona ya ce, "Malama, kumburi ne. Ki bar waƙa, magana ma sai ta zama dole. Raɗa ma kada ki yi."

"Za ta dawo?" na tambaye shi da ƙyar.

"Da yardar Allah. Amma ban ce miki za ta koma yadda take ba."

Da wannan magana a raina na tafi Funtuwa, don an riga an sa sunana a bitar da ake yi wa malaman kiɗa lokacin hutu, kuma ni kaɗai ce malamar kiɗa a makarantarmu. Ranar farko mai horar da mu, wani dattijo, ya ce kafin a gama bitar kowa zai fito ya koya wa sauran waƙa ɗaya. Na koma kujerar baya, ana darasi ina haɗiyar yawu in ji ko zafin ya ragu. Tunanina ɗaya: in an koma makaranta, me zan yi a gaban aji? Wataƙila a tura ni tsaron ɗakin karatu.

Abokiyar ɗakina, wata malama daga Tsiga, ita ke amsa mini gaisuwa. Da ta ga na daina cin abinci sai ta ce, "Yaya, ki nuna mini waƙar a kan ƙwarya. Ni zan rera, ke ki riƙe kiɗan."

Haka muka yi. Na kifa ƙwarya ina bugawa, ina ɗaga kai in lokacin amshi ya yi. A tsakiya muka saɓa, muka sake daga farko. Bayan an tashi dattijon ya tsayar da ni.

"Malama, da kin faɗa mini da na ɗauke miki. Ki je gida ki huta."

Gozaki na wuce, wajen Inna, mahaifiyata. Damina ta yi tsakiya, kowa na gona. Ta sa ni a ɗakinta, tana jiƙa mini citta da zuma. Masu zuwa sannu tana tare su a tsakar gida.

"Ta gode," take cewa. "Ba ta magana."

Kullum ina so in gwada muryar, ina tsoron abin da zan ji. Wata rana da hantsi ina ɓare masara, sai na ji ina bin wata waƙa a hankali, ban san na fara ba. Na tsaya. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Na ji," ta ce. "Ya isa haka yau."

Muryar ta dawo, amma ta yi kauri, ba ta hawa sama kamar da. Da aka koma makaranta na rage tashin muryar waƙoƙin, inda ya fi ƙarfina ɗalibai su ɗauka. Har yanzu in na tashi da ƙaiƙayi a maƙogwaro, sai na jima kafin in gaida kowa.