Uku da Rabin Telan Maraɗi

A layinmu na Tudun Wada akwai wani tela mutumin Maraɗi da ya daɗe cikinmu har muka manta baƙo ne. Shi ke ɗinka wa 'ya'yana kayan Sallah, ni kuma ina tsokanarsa da cewa aljihun da yake yi mini ko goro ba ya ɗauka.

Wata shekara mai shagon da yake haya ya ce zai sayar, ko telan ya saya ko ya tashi. Ya same ni a gida, ya ce, "Malam, an ce akwai wurin da ake lissafin bashin banki a waya."

Na buɗe masa shafin, na miƙa masa wayar, don ba na son leƙa sirrin mutum. A banki an ce masa ruwan uku da rabi ne cikin ɗari a wata. Ya danna, ya ƙura wa allon ido, sannan ya nuna mini abin da zai riƙa biya. Kuɗin sun fi ƙarfin cinikinsa nesa ba kusa ba. Na zagi bankuna son raina. Shi kuwa cewa ya yi dama zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, Allah ne ya tsare shi. Bai rufa wata biyu ba ya kwashe iyalinsa ya koma gida.

Bara ya turo mini saƙo in sayo masa yadi, ya rubuta 2,5. Na kira shi na ce ashirin da biyar kuma, sai ka ce zai yi rumfa? Ya yi dariya ya ce biyu da rabi ne, haka aka koya musu a makaranta, waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo.

Nan take na tuna da lissafin bashin nan. Na koma shafin nan na rubuta 3,5. Shafin ya share waƙafin, ya karanta talatin da biyar. Da na sa ɗigo, abin da ya fito ko a watan da ba ciniki zai iya biya.

Haushi ya hana ni yin shiru, na sake kiransa na faɗa masa. Na ji ƙarar keken ɗinkinsa ta tsaya.

Ya ce, "Malam, da ka bar ni a kan cewa ba zan iya ba."