Baba Tanimu da Karkatattun Mazaunan Kyandir

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon Baba Tanimu a Kurmin Mashi ya san yadda yake fara aiki. Zai ɗauki guntun itace, ya auna, ya sake aunawa, ya gano tsakiyarsa cif, ya yi mata alama da ƙusa. Sai kuma ya kauce mata da faɗin yatsa, ya ɗaure itacen a injin juyawa a karkace. In ka ce masa to wahalar awon ta mece ce, sai ya ce, "In ban san inda take ba, yaya zan yi in guje ta?"

Abin da ke fitowa kuwa mazaunin kyandir ne, ƙugu can, wuya nan, kamar mai ciwon baya ya miƙe daga tabarma. Mutumin da ya fi kowa a layin iya ƙafar gado da ta kujera! Amma ina, shi sai kyandir, a zamanin da kowa ke yawo da fitila a wayarsa.

Ni ne Sani maƙwabcinsa, bango ɗaya ya raba mu, kuma tangaran nake sayarwa. Ku dubi wannan haɗi don Allah. Itacen da aka ɗaure a karkace ba ya juyawa cikin lumana. Inji ya yi ta tsalle, bango ya amsa, kofunana su kama hanya a kan kanta. Ranar da wasu farantai suka iso ƙasa na leƙa na ce, "Baba, ka ji ɓarnar da ka yi mini?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wa ya aike ka tara abin fashewa kusa da mai aiki? Ka koma sayar da roba."

Sayen itace kuwa a wurinsa almubazzaranci ne. In an yi ruwa da iska, mutane na duba rufinsu, shi yana tura baro zuwa Rafin Guza. Wata safiya reshen mangwaro ya rushe wa wani bawan Allah katanga. Baba ya tsuguna ya yi masa jaje sosai, ya loda reshen, sannan ya ɗaga kai sama. "Wancan ɗayan ma ban yarda da shi ba. In dawo da zarto?"

Don bangona ya huta, ni da kaina na kawo masa wata Hajiya daga Badarawa mai ƙawata wuraren biki. Ta ce, "Baba, mazaunan kyandir da yawa nake so, amma miƙaƙƙu, duk iri ɗaya."

"Hajiya, akwai fayif na ruwa a kasuwa. Ki sa a yayyanka miki."

Ta ja mayafinta ta yi gaba. Na ce, "Haba Baba, ciniki fa ka kora!" Ya ce, "Ai na nuna mata inda za ta samu. Taimako kuma ya wuce haka?"

Ana nan sai wani kututture ya ƙwace daga injin, ya huda kwanon rufi, ya sauka a bayan layi. Allah ya tsare bai samu kowa ba. Mai shagunan, Alhaji Bala, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya son hayaniya. Ya zo ya kalli hudar, ya ce Baba ya nemi wani wuri. Sai ya juyo gare ni. "Sani, kai ka fi kowa cutuwa. In ka ce ya tashi, ya tashi."

Tsoho da tsohon inji, wa zai ba su shago a garin nan? Baba dai bai roƙi kowa ba. Yana tsaye da tsumma yana ta goge wuri ɗaya a jikin injin, wurin da babu ko ƙura.

Na ce, "Alhaji, in ya tashi wa zai shigo? Mai injin markaɗe. Wannan aƙalla yana kashewa ya tafi masallaci. A bar mini shi."

Washegari na kwashe kantocina na mayar ɗaya bangon. Baba ya leƙo, na gyara tsayuwa ina jiran godiya. Ya ce, "Kai, ka daɗe kafin ka yi hankali." Ya koma ya kunna injinsa.

A shagon nan ya zauna har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ranar da 'ya'yansa suka zo fitar da injin, ni na riƙe musu ƙofa.

Allah ya jiƙan Baba Tanimu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba shi mazaunin da babu mai cewa ya tashi. Amin.