Hular da Eilif Tveiten Ya Ƙi Sawa

Ranar Talata, bakwai ga Oktoba, Allah Ya karɓi ran Eilif Tveiten, tsohon malamin makarantarmu, mai zanen duwatsun kwarinmu, yana da shekara saba'in da tara. A kan dutse ya cika, ana tsakiyar farautar barewa, kuma ni na fara isa wurinsa.

Eilif, kowa ya san halinka. Da kaka ta shigo, ganyen gangare ya koma ja da rawaya, sai ka saɓa allon zane ka haura, kofi a gora, biredi da cuku a aljihu. Babu gidan da ba ka ba zane kyauta ba. Amma taurin kai, sai dai a bar maka. Lokacin farauta, duk mai shiga daji yana sa hula ruwan goro don kada maharbi ya ɗauke shi dabba. Kai ka ƙi, wai hasken hular yana ɓata maka launi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, cikin hazon safe, na ga abu na motsi bayan bishiya. Ban tsaya tabbatarwa ba, na harba. Harsashin ya huda allonka, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da ƙirjinka. Na iso wurinka. Ka dubi hujin, ka dube ni, ka ce, "Haba Sjur, shekara talatin kana farauta, tsohon malami ma ya gagare ka?" Da ka yi magana, da an karɓe bindigata, da ban ƙara haɗa ido da kowa a coci ba. Ba ka gaya wa kowa ba. Hujin ka zagaye shi da baƙin fenti ya zama bakin kogo, ka rataya zanen a falonku. Na sayo maka hula, ka cusa a aljihu ka ce, "Na ji, sarkin tsoro." Tun daga nan na daina bin wannan gangaren.

Talatar nan barewa ta ja ni can, na harba na kuskure ta, na koma gida. Da la'asar matarka Ragnfrid ta kira ni. "Bai sauko cin abinci ba, Sjur. Kuma na ji harbi ta wajensa."

Ban san yadda na hau dutsen ba. Daga nesa na hango ɗigon ruwan goro. Kana zaune jingine da dutse, burushi a hannu, hular a kanka. Ka yafe mini: kafin in yi kuka, rigarka na buɗe ina neman jini. Babu. Likita ya ce zuciya ce.

Da na kai wa Ragnfrid hular, na soma ba ta labarin da na ɗauka ba ta sani ba. Ta tare ni. "Ni nake goge zanen nan, Sjur. Hujin kogon ya fita har bayan allon. Hular kuwa tun shekarar yake sa ta, sai ya wuce gidanka tukuna, don kada ka ce ka yi nasara."

Allah Ya ji ƙanka, Eilif, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ya ba Ragnfrid da 'yarku Tordis da jikoki haƙurin rashinka. Bindigar na rataye ta, ba zan ƙara ɗauka ba.