Abin da Aka Ci Jiya da Dare

Ni ne na yi laifi. Na san haka tun kafin yara su fita daga aji a ranar, amma sai da damina ta zo ta wuce kafin bakina ya yarda ya faɗa, kuma a tsakanin nan wata yarinya ta rasa shekara guda ta karatunta.

A lokacin ni ɗan kwantiragi ne, wato malamin da gwamnati ke ɗauka ba tare da ta ba shi cikakken matsayi ba. Karatuna bai yi nisa ba. Na tsaya a brebe, wato takardar kammala ƙaramar sakandare, aka yi mana ɗan horo na gaggawa, aka turo ni daga garinmu na wajen Atantane zuwa lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye da ke bayan Maijirgi. Aka ba ni ajin ƙarshe, masu zana jarrabawar sertifika ta kammala firamare, don kawai babu wani.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, kara ya bushe a tsaye. Kafin zafi ya kama sosai, rumbuna sun fara nuna ƙasa, maza sun tsallaka Katsina da Kano neman abin aikowa gida. Ana cikin haka sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Abin da na fi tunawa da wannan sauyi shi ne rediyo ya fara kiran yunwa da sunanta, bayan a da ana ta kewaye-kewaye. A ƙauye kuwa magidanci bai bi rediyo ba. Ka tambaye shi ya gida, zai ce alhamdu lillahi, ya gyara zaman hularsa, ko da tukunya ba ta hau murhu ba.

Aikin da ya fi gallabata shi ne fish, takardar shirin darasi da malami ke rubutawa kafin ya shiga aji. Direktanmu dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, yana bin kowace fish da jan bik, wato jan biro. Tawa kullum sai ta dawo kamar an yanka kaza a kanta.

Wata rana na je Tasawa, na tarar an buɗe sibar kusa da tasha, wani ɗaki mai ordinatar, wato kwamfuta, 'yan kaɗan da ake shiga intanet. Mai wurin ya nuna mini wani dandali inda malaman ƙasashe masu Faransanci ke zuba darussansu kyauta, duk mai so ya ɗiba. Fish ce a shirye, da hotuna, da tambayoyi, har da abin da malami zai ce da abin da ake son yaro ya amsa. Tun daga nan duk ƙarshen mako sai in hau amalanken jaki zuwa bakin kwalta, in nemi mota zuwa Tasawa, in dawo da takardu bugaggu a cikin leda.

Har yau ban raina waɗannan darussa ba. A can na gane yadda ake koya wa yaro rabawa ba tare da duka ba, a can na samu hoton cikin jikin mutum da na liƙa a bango. Yarana sun amfana. Abin da ya ɓata ni shi ne na ɗauka duk abin da ya fito daga na'ura ya fi ƙarfin in gyara shi, kuma na fara jin na fi sauran malamai.

Darasin da ya jawo maganar na koyon magana ne. Malami zai faɗi abin da ya ci jiya da dare, sannan kowane yaro ya tashi ya faɗi nasa da Faransanci. A ƙasan takardar an ja layi an ce kada a bar yara su maimaita amsar malami, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya ci. An kuma ba da shawara a ɗauki muryoyinsu don su ji kansu. Ina da wata waya 'yar Chaina mai ɗaukar murya, sai na ga kamar don ni aka rubuta.

Direkta ya karanta takardar, ya ɗago kai, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman lakwal da shi.

"Mushe, wa ya rubuta wannan?"

"Wani malami ne, a can ƙetare."

"Ya san yaranka?"

"Ai Faransanci ɗaya ne, mushe direktar."

"To, a can ƙetaren su ma yunwa ta sa su cin anza? Ajiye ta sai bayan kaka, ba gudu za ta yi ba."

Na ce to. A zuciyata na ce tsoho ne kawai, yana jin haushi bai samu inda zai sa jan bik ɗinsa ba. Washegari na shiga aji da ita.

Na tsaya gaban tablo, wato allo, na ce da Faransanci jiya da dare na ci shinkafa da nama. Ƙarya nake. Garin rogo muka jiƙa ni da matata, muka barbaɗa ƙuli. Yaro na farko ya tashi ya ce ya ci shinkafa da nama. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Yanzu na gane cewa yaran sun fi ni hankali: sun ga na rufa wa kaina asiri, suka bi ta ƙofar da na buɗe. Ni kuwa a lokacin layin nan da aka ja a ƙasan takarda kawai nake gani. Raina ya ɓaci.

"Duk garin nan shinkafa da nama? Wane mahauci ne ya yanka muku?"

Aka yi dariya kaɗan. Sai na kira yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, wadda muke sa ran za ta ci sertifika ta wuce kolej. Ubanta manomi ne dattijo da ake ji da shi a garin. A shekarun wadata wurinsa ake zuwa aron iri, kuma ba a taɓa jin ya kori mai nema ba. Ko a wannan shekara rigarsa wankakka take, kuma mutane na ɗauka akwai saura a rumbunsa. Na kunna waya, na miƙa ta kusa da bakinta.

"Ke ba kya ƙarya. Faɗa mini gaskiya, me kika ci jiya da dare?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, na ɗaga murya. Ta fara jimlar da Faransancinta mai kyau, ta tsaya, ta ce da Hausa, "Mushe, ban san sunansa ba."

"Faɗe shi da Hausa."

"Anza da dussa."

Anza 'ya'yan wani icce ne na daji masu ɗaci, sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ba a cinsu sai rumbu ya ƙare ƙarƙaf. Rabin yaran abin da suka ci ke nan, amma ba su ne suka faɗa ba. Na ce "très bien," wato da kyau, na rubuta jimlar a tablo. Ta zauna, ba ta sake ɗago kai ba har aka tashi.

Da abin ya tsaya a nan, da ya mutu a cikin aji. Amma a taron malamai na yanki da aka yi a Maijirgi, na tashi ina nuna sabuwar dabarata, na kunna muryar. Wani malami mutumin Korgom, mai son barkwanci, ya ce, "Kai ɗan sibar, turo mini wannan ta bulutut, in je in nuna wa yarana yadda ake très bien da anza." Aka yi dariya, na tura masa. Daga waya zuwa waya, kafin kasuwa ta sake ci, muryar ta dawo ƙauyen a aljihun samari. Kowa ya san muryar ɗiyar wa ce.

Yarinyar ta daina zuwa lakwal. Matata ta ji a bakin rijiya cewa uban ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce tunda lakwal ta koya mata tallar tukunyar gidansu, ta gama karatu. Shi kansa ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Yana idar da sallah sai ya saka takalmi ya wuce.

Direkta ya kira ni.

"Ka ji aikinka?"

"Ni darasi na yi. Laifin wanda ya yaɗa ne."

"Shi wa ya ba shi? Tashi ka je ka ba mutumin nan haƙuri. Jarrabawa ta matso."

Na ce zan je. Ban je ba. Na goge muryar daga wayata, kamar hakan zai goge ta daga sauran. Na riƙa gaya wa kaina cewa rediyo ma na faɗin akwai yunwa, to mene ne abin ɓoyo. Na aika matata wurin uwar yarinyar, aka karɓe ta da mutunci, aka sallame ta hannu rabbana. Direkta ya je da kansa, ya dawo ya ce mini dattijon ya ce wanda ya yi ɓarnar ai yana da ƙafafu. Duk da haka ban je ba. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar in durƙusa, ni da ake kira mushe, kuma ina tsoron abin da zai faɗa mini. Ranar jarrabawa muka ɗora yara a amalanke zuwa Maijirgi, babu ita.

Aka yi hutu, na koma garinmu na yi noma. Damina ta yi kyau a wannan karon. Wata rana muna zaune da babana, wani baƙo ya tambaye shi yadda suka ƙetare bara. Ya ce, "Lafiya lau, Allah ya rufa asiri." Na san sun sayar da akuyar ƙarshe, na san abin da suka ci. Na dubi fuskarsa, na ƙaddara a ce muryar ƙanwata ce ke yawo a wayoyin samarin garinmu. Ban iya ƙarasa furar da ke hannuna ba.

Da aka koma lakwal bayan kaka, ban ko buɗe jakata ba na nufi gidan dattijon. Na tarar da shi a zaure yana tufka igiya. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi amfanin gona, bai daina tufka ba.

"Baba, na zo ne a kan maganar bara."

"Bara ai ta wuce, mushe. Ka daɗe a hanya."

"Na daɗe. Ina roƙon ka yafe mini, ka bar yarinyar nan ta dawo."

Ya ajiye igiyar. "A ina ka yi abin?"

"A aji."

"Daga aji ya je ina?"

"Ya je kasuwa, Baba."

"Abin da aka yi a kasuwa, a zaure za a gyara shi? Ni ban hana ta don na ƙi karatu ba. Ni na kai ta da hannuna. In kana da magana, ga ƙofar masallaci can bayan la'asar. Ka faɗa mutane su ji, gobe ka gan ta da jakarta."

Bayan la'asar mutane suka fito, dattawa suka zauna a kan tabarmi, samari na tsaye a gefe, wasunsu da wayoyi a hannu. Direkta ya zo ya tsaya a bayana. Shi dattijon ya zauna a wurinsa na da, wanda ya daɗe bai zauna ba. Na yi sallama, aka amsa, na durƙusa.

Na ce, "Jama'a, bara na ɗauko darasi daga nesa, direkta ya ce in ajiye shi, na ƙi. Na tsaya gaban 'ya'yanku na ce na ci shinkafa da nama, alhali garin rogo na kwana da shi, wata rana ma ko shi babu. Na rufe nawa asirin da ƙarya, na matsa wa yarinya ta buɗe na gidansu, kuma ni da hannuna na fitar da muryarta waje. Ba ta da laifi, malaminta ta yi wa biyayya. Saboda girman kaina ta rasa jarrabawarta. Wanda ke da muryar nan a wayarsa, don Allah ya goge. Baba, na ci mutuncinka a garin da ka ciyar da mutane, na kuma bar ka kana jirana har damina ta wuce. Ka yafe mini don Allah, kuma ka roƙar mini ita ma ta yafe mini."