Mubina da Binciken Wutar Misfala

A unguwar Nakkasa, can Ƙasa Mai Tsarki, aka haifi Mubina 'yar Malam Mailafiya. Kakanta ya zo aikin Hajji daga Sakkwato bai koma ba, kuma har ya rasu bai zama ɗan ƙasa ba. Ita ma da iƙama take zaune, takardar izinin zaman baƙi, ga fasfon ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Injiniyan lantarki ta karanta. Da ta gama, wata jami'a a Malesiya ta karɓe ta digirin digirgir, ta yarda ta fara bincike daga gida. Abin da ta sa a gaba shi ne yawan wutar da masaukan alhazai na unguwar Misfala ke sha a lokacin zafi, da irin dokar da za ta ja masu gidajen su koma amfani da hasken rana. Ta hau rufin masaukai ba iyaka tana auna zafi, har masu gadi suka riƙa kiranta Daktora tun ba ta zama ba.

Ana cikin haka aka rushe unguwarsu, suka koma haya a unguwar Zahir. Ba a jima ba mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta Inna Mairama kuma ta kwanta ciwon ƙoda, sai Mubina ke kai ta wankin jini. Wani kamfani ya yaba aikinta, amma ya ce gurbin na 'yan ƙasa ne. Jami'ar ita ma ta ce ba za a kammala ba sai ta je ta zauna can, zaman da ya fi wa'adin da iƙamarta za ta jure tana ƙasar waje.

Inna ta lura 'yarta ta daina cin abinci. Wata rana a hanyar asibiti ta ce, "Ya binti, 'yata, ki tafi. Allah ke riƙe da ni, ba ke ba."

"Inna, in na tafi, da bizar Umra zan dawo ganinki."

Tsohuwar ta juya fuska wajen taga.

Mubina ta nemi a ɗage mata karatu, aka ɗage, ta sake nema. Yanzu tana koya wa 'yan matan unguwa lissafi a falonsu. Malaminta na Malesiya kan tambaye ta yaushe za ta zo, ita kuma ta ce masa bayan Hajji, in sha Allahu.